Ya ci maki 24 amma wani ake yabo: yadda ake karanta alƙaluman 'yan ƙwallon kwando a gasar Sifaniya

Tambaya: "Kwanan nan na fara bin gasar ƙwallon kwando ta Sifaniya. Bayan wani wasa na duba takardar alƙaluma, sai na ga wanda ya ci maki 24 an rubuta masa 13 a layin ƙarshe mai suna VAL, wani kuma da maki 13 kacal ya ci an rubuta masa 25, kuma shi ake ta yabo. Mene ne wannan VAL ɗin? Kuma da wanne zan auna ɗan wasa, da maki ko da shi?"

Malam, masu rubutun ba su yi kuskure ba. VAL gajarta ce ta valoración, lissafin da ACB, ƙungiyar da ke gudanar da gasar, ta fito da shi a 1991 domin a dunƙule duk abin da ɗan wasa ya yi a fili cikin lamba guda. Daga baya EuroLeague, gasar manyan ƙungiyoyin Turai, ta ɗauke shi, a can PIR ake ce masa. A nawa ganin, kada ka auna mutum da maki kaɗai, kada kuma ka auna shi da VAL kaɗai, kuma VAL ya zama shi ne abu na ƙarshe da idonka zai sauka a kai. Sai dai ba za ka ga dalilin ba sai ka san yadda ake haɗa shi.

Ana tara abubuwa shida na alheri: makin da ya ci, ƙwallayen da ya cafke bayan an jefa ba su shiga ba, fasin da ya bayar aka ci, ƙwallon da ya ƙwace, jifan abokin hamayya da ya tare, da ketar da aka yi masa. Daga jimillar sai a cire abubuwa biyar: jifan da ya ɓarar ana cikin wasa, jifan kyauta da ya ɓarar, ƙwallon da ya zubar, jifansa da aka tare, da ketar da shi ya yi. Kowanne ɗaya ne, ba wanda ya fi wani nauyi. Shi ke nan, babu wani sirri a ciki.

Tun da ba ka kawo cikakken layinsu ba, bari in ƙaddara yadda irin wannan ke faruwa. A ce mai maki 24 ɗin ya jefa na maki biyu sau 12 ya ci 5, na maki uku sau 11 ya ci 4, jifan kyauta 2 ya ci duka. Ya cafke 2, ya ba da fasin 3, ya ƙwace 1, an yi masa keta sau 3. Alherinsa ya tashi 33. Amma ya ɓarar da jifa 14, ya zubar da ƙwallo sau 3, an tare shi sau 1, ya yi keta 2. An cire 20, saura 13. Shi kuwa ɗayan, a ce dogo ne mai tsayawa ƙarƙashin kwando: ya jefa 6 ya ci 5, jifan kyauta 4 ya ci 3, ya cafke 10, fasin 1, ya tare 2, an yi masa keta sau 5. Wannan 31 ke nan. Abin cirewa 6 ne kawai, jifa biyu da suka kuskure, zubarwa 1, keta 3. Saura 25.

A irin wannan yanayi VAL ya faɗi gaskiyar da maki ya ɓoye. Na farkon jifa 23 ya cinye wa ƙungiyarsa kafin ya kai 24. Kowane hari jari ne, kuma adadinsu a wasa ƙididdigagge ne. Wanda ke duba maki kawai kamar ɗan kasuwa ne da ke murna da cinikin yini bai cire uwar kuɗi ba. Shi ya sa a takardar Sifaniya ba a rubuta maki su tsaya su kaɗai. Za ka ga T2, T3 da T1, wato jifan maki biyu, na maki uku da jifan kyauta, kowanne da abin da aka ci da abin da aka jefa, kamar 5/12. Sai REB, wato cafkewa, an raba shi gida biyu, na tsaro da na hari. BR ƙwacewa ce, BP zubarwa. Tarewa ma gida biyu ce, wadda ya yi da wadda aka yi masa, haka keta. Har dankin da mutum ya yi ana ƙirgawa, ko da yake ba ya ƙara komai a VAL.

Amma layin da nake fara dubawa shi ne na mintuna, kuma nan ne mai fitowa daga kallon NBA, gasar Amurka, ya fi ruɗewa. A Sifaniya dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ake bi, irin waɗanda ƙungiyar kwandon Kano Pillars ma ke bi a gasar Najeriya: zango huɗu na minti 10, jimilla 40, alhali NBA 48 take yi. Keta biyar ke fitar da mutum, a can shida. Mutum biyar a fili na minti 40, mintuna 200 ke nan, kuma koci yana da 'yan wasa har 12 da zai raba wa. Manyan ƙungiyoyi irin Real Madrid, Barcelona da Baskonia suna buga EuroLeague a tsakiyar mako su dawo gasar gida a ƙarshen mako, saboda haka ba sa barin tauraronsu ya yi ta gudu har ƙarshe. Minti 20 zuwa 25 ya ishe shi. Wanda ya ci maki 15 a minti 22 ya yi aiki ja, ko da lambar ba ta cika ido ba.

Luka Dončić ne misalin da ya fi fito da wannan fili. A kakar 2017-18 aka zaɓe shi gwarzon gasar Sifaniya yana ɗan shekara 19, kuma makinsa a kowane wasa bai kai 15 ba. A watan Mayun 2018, yana Real Madrid, ya ci Real Betis maki 17, ya cafke 10, ya ba da fasin 10, duk cikin kusan minti 22, wato ya kai 10 a fanni uku, abin da aka shafe sama da shekara 10 ba a gani ba a gasar. Mutumin nan ne kuma ya riƙa cin maki 33.9 a kowane wasa a NBA a kakar 2023-24. Gaskiya ne ya ƙara ƙwarewa a tsakani, amma babban abin da ya canza shi ne mintuna, yawan hare-hare da yawan jifan da aka sakar masa. Har yau makin da ya fi yawa da mutum ɗaya ya ci a wasa guda tun kafuwar gasar ACB shi ne 54 na Epi, ɗan wasan Barcelona, a 1984, tun ma kafin a shata layin maki uku.

Ƙungiyar da mutum yake ciki ma tana canza lambarsa. Džanan Musa, ɗan Bosniya, ya zama gwarzon gasar a 2022 yana Breogán, ƙaramar ƙungiya ta garin Lugo, inda kusan kowane hari sai ya bi ta hannunsa, yana cin maki wajen 20. Da ya koma Real Madrid sai alƙaluman suka sauka. Wasansa bai lalace ba. Ya shiga gidan da gwanaye suka yi yawa ne, aka raba jifan.

Yanzu ga inda nake da ja da VAL ɗin kansa, kuma ina so ka bi lissafin nan a hankali, domin shi ne abin da yawancin masu kawo lambar a gardama ba su taɓa zama sun yi ba. Jifan maki biyu in ya shiga an ƙara maka 2, in ya kuskure an cire 1. Wato wanda ke cin ɗaya cikin uku bai yi asarar komai ba a VAL, kuma duk wanda ya haura kashi 33 cikin 100 riba yake ci da kowane jifan da ya ƙara. To amma duk kocin da ka tambaya zai gaya maka ɗan wasan da ke cin kashi 38 a jifan maki biyu kashe ƙungiyarsa yake yi. A na maki uku abin ya fi muni: ci ɗaya cikin huɗu, an ƙara 3 an cire 3, ka tashi babu asara. Ma'ana, lissafin da aka ce yana hukunta ɓarna hukuncinsa mai sauƙi ne ƙwarai. Mai yawan jifa barkatai zai iya tara VAL mai kyau yana cutar da abokansa.

Sai batun keta. Ɗan wasa ya tsaya nesa kaɗan ya jefa ta shiga, an ba shi 2. Wani ya kutsa ƙarƙashin kwando aka yi masa keta, ya ci jifan kyauta biyu, an ba shi 3, domin ketar ita ma ana ƙirga masa. A allon maki kuwa duk biyun maki biyu suka kawo. Akwai hujja a ciki, ban musa ba: wanda ya jawo keta ya matsar da abokin hamayya kusa da biyar ɗin da za ta fitar da shi, ya kuma matsar da ƙungiyarsu kusa da haddin keta huɗu a zango, wanda bayansa kowace ketar tsaro jifan kyauta ce. Amma a ce wannan ya kai cikakken maki ɗaya a kowane lokaci, ko a minti na farko ko wasa ya riga ya mutu, wannan ya yi yawa. A ɗaya gefen kuma, gajeren da ya yi ƙarfin hali ya kutsa aka tare jifansa sau biyu ake cire masa, ɗaya na kuskurewa ɗaya na tarewa.

Ka haɗa waɗannan za ka ga wa lissafin ke yi wa gata. Dogo mai jefawa daga kusa da kwando ba ya yawan kuskurewa, shi ke cafke ƙwallo, shi ake yawan yi wa keta. Ko da ya jefa ta ƙi shiga, in ya sake cafkewa ya zura, an cire 1 an mayar masa da 1 an ƙara 2, kamar bai taɓa kuskure ba. Ba mamaki VAL mafi yawa da aka taɓa samu a wasa guda a gasar, 66, na Arvydas Sabonis ne, dogon nan ɗan Lituwaniya, a wasan Real Madrid da Ourense a 1995. Sabonis ya cancanci duk yabon da aka yi masa, mutum ne da ke raba fasin kamar mai tsara wasa. Amma ko shi, siffar lissafin ta taimaka masa.

Dubi ƙungiyar Tenerife in kana son ganin abin da idonka. Marcelinho Huertas, ɗan Brazil, yana riƙe da ƙwallo a saman da'ira. Giorgi Shermadini, dogon ɗan Jojiya, ya fito ya tsaya ya kange mai gadinsa, sannan ya juya ya nufi kwando. Huertas ya ɗan dakata, ya ja masu tsaro biyu zuwa kansa, ya kalli wani gefe, sai ya sulala ƙwallon ta tsakanin hannuwa ta iske Shermadini shi kaɗai. Ya zura, an yi masa keta, ya ci jifan kyauta. A takarda Shermadini ya samu 4, Huertas ya samu 1. Wa ya buɗe ƙofar? Shermadini ya zama gwarzon gasar a 2021 da 2023, kuma ya iya aikinsa, hannunsa na da laushi kusa da kwando. Amma na ji daɗi ƙwarai da aka ba Huertas kyautar a 2025, ya haura shekara 40. Kyautar gwarzon kaka da ƙuri'a ake bayarwa, kuma masu ƙuri'ar sun ga abin da lamba ɗaya ba ta iya ɗauka.

Babban gibin dai yana wajen tsaro. Ban da cafkewa, abu biyu kawai takarda ke ƙirga wa mai tsaro, ƙwacewa da tarewa, sai keta da ake cire masa. Wanda ya manne wa gwanin abokan hamayya har ya hana shi karɓar ƙwallo na tsawon zango, sifili zai samu, in ma bai tashi da bashi ba saboda keta biyu da ya yi. Wanda kuma ke barin mutuminsa yana caca don ya ƙwace fasin, in ya dace sau biyu an ƙara masa 2, sau biyar ɗin da ya kuskure aka ci su kuwa babu inda aka rubuta. Edy Tavares na Real Madrid, ɗan tsibirin Maio a Cape Verde, mai tsawon mita 2.20, wanda EuroLeague ta zaɓa gwarzon mai tsaro sau uku, yakan tare wajen jifa biyu a wasa. Amma ka kalli 'yan wasan da ke shigowa da gudu su hango shi su juya da ƙwallon waje, ko su ɗaga ta sama fiye da kima ta kuskure. Waɗannan sun fi waɗanda ya tare yawa, kuma ba layin da ke ɗauke da su. Haka Usman Garuba, wanda aka haifa a Madrid a 2002, iyayensa 'yan Najeriya. Zai iya gama wasa da maki 4, amma shi ne dogon da koci ke yarda ya bari ya fuskanci gajere mai sauri a bakin layin maki uku ba tare da an wuce shi ba. Wanda ya auna Garuba da VAL zai yi ta mamakin abin da manyan ƙungiyoyi suka gani a jikinsa.

Layin +/- shi ne ke ƙoƙarin cike wannan gibi. Yana nuna bambancin maki tsakanin ƙungiyoyin biyu a lokacin da mutum yake fili. In an rubuta masa +12, ƙungiyarsa ta fi abokan hamayya da maki 12 a mintunan da ya buga. Yana da amfani, amma a wasa guda kada ka ɗora masa nauyi, domin mutum huɗu ne tare da shi, kuma wanda ya yi sa'ar shiga lokacin da wani ya zura uku-uku a jere zai kwashi ladan da ba nasa ba. In ka ga mutum yana da ƙaramin VAL amma +/- ɗinsa na da kyau wasa bayan wasa har tsawon wata biyu, to a nan ka tsaya ka kalle shi da kyau, akwai abin da yake yi.

In kana son awo mafi adalci ga mai jifa, akwai lissafi mai sauƙi da masu nazari ke yi. Ka ɗauki jifan da ya ci, ka ƙara rabin na maki ukun da ya ci, ka raba da duk abin da ya jefa. Mutumin farko na misalinmu ya ci 9, rabin 4 shi ne 2, wato 11 cikin 23, kusan kashi 48. Wannan ƙasa yake da abin da ake so, don wanda ya wuce 55 shi ake ce wa ya yi kyau. Lissafin na nuna cewa cin kashi 40 daga bayan layin maki uku na mita 6.75 daidai yake da cin kashi 60 daga ciki. Ga ƙungiya kuwa, ka ƙirga hare-hare: jifan da aka yi, a cire cafkewar hari, a ƙara zubarwa, a ƙara kashi 44 cikin 100 na jifan kyauta. A Sifaniya abin kan faɗo tsakanin 70 da 80 ga kowace ƙungiya, a NBA wajen 100. Ƙungiyar da ta ci 78 a hari 68 ta fi wadda ta ci 88 a hari 84 iya kai hari, ko da ta biyun ce ta fi cika allo.

Akwai kuma abin da babu lissafin da ke riƙewa, wato lokaci. A wasa na biyar na ƙarshen gasar 2005 a Vitoria, TAU Cerámica, wadda yau ake kira Baskonia, tana gaban Real Madrid 69 da 61 saura ƙasa da minti ɗaya. Madrid ta yi ta rage tazara, har ƙwallo ta iske ɗan wasanta Alberto Herreros a kusurwa saura 'yan daƙiƙu, ya zura na maki uku, aka tashi 70 da 69, kofi ya tafi Madrid. Herreros shi ne ya fi kowa tara maki a tarihin gasar, 9,759, amma a ranar daga benci ya shigo kusa da ƙarshe, kuma jifan nan ne na ƙarshe a rayuwarsa ta wasa. A takarda 3 aka ƙara masa, daidai da wanda ya zura a zango na biyu ana gaba da maki 20.

Ka kuma tuna mutane ne ke zaune a teburi suna danna waɗannan lambobi. Maki babu gardama a kansa, amma fasin da aka ci hukunci ne: wanda aka miƙa wa ya buga ƙwallon a ƙasa sau biyu kafin ya jefa, a rubuta wa mai bayarwa ko kada a rubuta? Haka ƙwallon da mutum biyu suka taɓa kafin ta tsaya a hannun ɗaya. A al'adar FIBA an fi tsaurara wajen ba da fasin, shi ya sa 19 ɗin da Sergio Rodríguez ya raba a wasan Real Madrid da Fuenlabrada a 2016 ta zama abin magana har yau.

Game da mutanenka biyu, koma kan takardar ka duba mintunan kowanne, sannan ka duba T2 da T3 na mai maki 24. In ka tarar jifa 13 ko 14 kawai ya yi ya kai wannan maki, to zubarwa da keta ne suka ja VAL ɗinsa ƙasa, kuma mai yiwuwa shi ne ya ɗauki wasan a kafaɗarsa. In kuwa ya haura jifa 20, yabon da ake yi wa ɗayan yana kan hanya, sai dai ka ƙara duba layin fasin ka ga wane ne ya riƙa ciyar da shi.